Damina Guda a Kan Benci

Ƙwallo ce ta fara nemana. Ina tafe a gefen wani fili da aka kewaye da kwano a unguwar Ogui ta Enugu, da ɗan littafin soyayya a aljihun gaba, sai na hangi wani abu ya taso sama ya tsaya a gaban rana kamar mai shawara, sannan ya gangaro ta kaina. Irin ƙwallon fatar nan ce ta da mai ɗinkin igiya, ta sha ruwan sama ta yi nauyi. Ban bari ta taɓa ƙasa ba. Na tattare rigata na tare ta da ƙafar hagu, na mayar da ita inda ta fito. Can sai wani kai mai sanƙo ya leƙo ta saman kwanon, ya dube ni daga hula har silifa, ya tambaya da Turancin buroka ko ni na buga. Na amsa masa da yaren Ibo cewa ni ne. Ya ce in zagayo ta ƙofa.

A Enugu aka haife ni, amma lokacin ban daɗe da dawowa daga Anaca ba, inda Baba ya tura ni koyon fataucin albasa da barkono wurin ƙanensa a kasuwar Ose Okwodu. Abu biyu na koyo a can: yadda ake gane albasar da ta fara ruɓa daga ciki, da karatun ƙananan littattafan nan da ake shimfiɗawa a kan tabarma, masu hoton saurayi da budurwa a bango. Na karanta su har sun zama mini ma'auni. A cikinsu babu wanda ke jiran layi. Saurayi yakan shigo birni da jaka ɗaya, wani abu ya faɗo masa daga sama, kafin shafin ƙarshe gari ya san shi, kyakkyawar kuma tana kuka a ƙirjinsa. Don haka da mai sanƙon ya ce shi ne kocin ƙungiyar wani kamfanin kayan gini, ya kuma ce in dawo gobe da gajeren wando, ban yi mamaki ba. Na ɗauka shafin farko ke nan.

Kamfanin ya ba ni aiki a sito, kamar yadda ake yi wa duk 'yan wasansa. Da safe mu sauke buhunan siminti, da la'asar mu yi atisaye, ranar Asabar a buga gasar gari. Ni kaɗai ne Bahaushe a cikinsu. Malam suke ce mini, ko da yake iyakacin karatuna bai kai izu goma ba.

A makon farko Koci ya gaya mini dokarsa. Sabon ɗan wasa ba ya shiga wasan gasa sai ya ga damina guda ta wuce yana zaune a benci. A gasar da muke bugawa a wancan zamani ba a canja ɗan wasa. Sha ɗayan da suka shiga su ne za su fito, wanda ya karye kuwa sai 'yan'uwansa su ƙarasa su goma. Ba kamar yanzu ba da ake ɗanɗana wa yaro 'yan mintoci a ƙarshen wasa. A lokacin ko dai a ba ka duka ko a hana ka duka, Koci kuwa ya zaɓi hanawa.

Wurin da nake hari, gefen hagu na gaba, yana hannun wani da ake kira da lambar rigarsa, Sha-ɗaya. Ya girme ni sosai, furfura ta fara fito masa a gefen kunne. A Zariya ya tashi, mahaifinsa ma'aikacin jirgin ƙasa ne, kuma mahaifiyarsa da ƙanwarsa suna can har lokacin. Hausarsa ta fi tawa gishiri. Yaya nake ce masa, shi kuma ya ce mini ɗan albasa. Na yi tsammanin zai ƙi ni, don a littattafai wanda kake neman kujerarsa mugu ne mai gashin baki. Sai ga shi shi ne mai yin faɗa da Koci saboda ni.

Wata rana bayan atisaye muna kwance takalma ya ce, "Koci, yaron nan zai yi tsiro a kan bencin nan. Ka ba shi wasa ɗaya."

"Wurinka zan ba shi?"

"Ka ba shi nawa ranar da za mu kara da masu gasa burodi. Waɗannan ko matata za ta ci su."

Koci ya ci gaba da matsa ƙwallo da babban yatsa yana duba iska. Ya ce, "Na taɓa sa yaro a makonsa na biyu. Ya fi wannan gudu. Ƙwallon farko ta wuce ta tsakanin ƙafafunsa, fili ya fashe da dariya, ni kuma ba dama in fitar da shi. Haka ya tsaya har aka tashi ana yi masa kukan akuya. Yanzu mota yake tuƙawa, ko kallo ba ya zuwa."

"Ni a wasana na farko aka cire mini haƙori, ga ni nan."

"Kai ai ba ka da abin da zai karye a ciki. Wannan littafi yake karantawa."

Sha-ɗaya ya juyo gare ni ya ce da Hausa, "Ka ji ko, ɗan albasa? Soyayya ce ta zaunar da kai. Ka kawo mini littafin in riƙe maka."

Haka damina ta kama ni. Kowace Asabar ina zaune a ƙarshen benci da tsohuwar riga marar lamba, ruwa na zubo mini ta ɓular rumfa, ina kallon Sha-ɗaya yana yin abin da na tabbata zan fi shi. A bakin ƙofar fili akwai wata yarinya 'yar Ibo mai sayar da lemo, tana feraye shi da reza ɓawon ya sauko a murɗe bai tsinke ba. Na tanadar mata jimloli masu nauyi daga littattafaina, amma na ajiye su sai ranar da zan fito daga fili da laka a gwiwa. Kafin nan iyakata in sayi lemo in tambaye ta ya kasuwa. Ta san ni, ta san gidanmu, don takan kawo talla layinmu.

A unguwa kuwa na zama abin tsokana. Idan na ratsa ta rumfar mahauta da yammacin Asabar sai wani ya ɗaga wuƙa ya ce, "Ga sarkin benci nan. Yau ƙwallo nawa ka kalla?" Akwai wani tsoho makaɗin kalangu da ke zama da su, wanda ya biyo mahautan daga Arewa tun ina goye. Kowane mahauci yana da takensa a wurin tsohon, idan ya kaɗa, mai taken yakan san da shi ake ko yana bayan kasuwa. Kunnensa ya yi nauyi, sai an ɗaga murya yake ji, amma hannunsa bai tsufa ba. Wata rana da tsokanar ta yi yawa ya kira ni.

"Zo nan, jikana. Rabu da su, masu ƙarnin nama. Na yi maka take."

Ya matse kalangun a hammata ya kaɗa wani abu gajere mai tsalle a ƙarshe. Mahautan suka yi ta dariya, ni kuwa tsigar jikina ta tashi.

"Ba zan sake kaɗa shi ba sai ranar da ka shiga fili. Ranar ko a ina nake zan zo. Na yi alkawari gaban waɗannan."

Wannan ita ce shekarar da sojoji suka kifar da gwamnati, suka sake kifar da wadda ta biyo baya. Da farko a rediyon mai shayi muke jin abin, kamar labarin wata ƙasa. Daga baya sai ya fara sauka a tashar jirgi, ita kuwa tashar ba ta da nisa da mu. Jiragen da ke zuwa daga Arewa suka riƙa sauke 'yan Ibo da ƙullin kaya a ka, wasu ba kaya, wasu da tsumma ɗaure a inda aka sare su. Matan da ke sayen albasa wurin Baba shekara da shekaru suka koma miƙo hannu ba gaisuwa, daga baya suka daina zuwa. Maƙwabcinmu tela, wanda ya ɗinka mini rigar makaranta, ya fara rufe tagar da ke kallon gidanmu. Baba ya hana mu sa doguwar riga idan za mu shiga gari.

Sai ga ƙanen Baba ya iso daga Anaca da rana tsaka, ba buhu ko ɗaya, takalminsa ƙafa guda. Ya zauna a zaure ya sha ruwa kofi bayan kofi. Da ya buɗe baki, abin da ya fara faɗa shi ne mutanenmu na Fatakwal sun fi su shan wuya. Ranar manyan unguwa suka zauna, aka yanke cewa kowa ya tattara. Aka ce hukuma za ta ba da jirgi da rakiyar 'yan sanda ranar Lahadi da safe. Kafin nan kowa ya kwaso iyalinsa a taru a harabar masallaci, kada kowa ya fita.

A wannan makon Sha-ɗaya ya daina zuwa atisaye. Kullum yana tasha, yana bin taragu ɗaya bayan ɗaya yana leƙa fuskoki. Na hange shi sau ɗaya daga nesa, ya riƙe hannun wata tsohuwa yana tambayarta, tana girgiza kai. Na juya ban ƙarasa wurinsa ba.

Ranar Alhamis na sulale na je fili don in yi wa Koci sallama. Na tarar da shi da manajan kamfanin suna magana ƙasa-ƙasa. Wasan Asabar yana nan, ba a soke ba, mu da ƙungiyar da ke saman tebur, kuma gefen hagu babu kowa. Manajan yana cewa a ɗauko ɗan baya a sa a wurin, ko a nemo wani daga sito, kowa ma dai. Koci ya ce ruwan sama ya ɗauke, yaron ya cika daminarsa, layi ya zo kansa.

"Kana ganin abin da ke faruwa a gari kuwa?" in ji manajan.

"Ina gani. Wa ya san shi? Bai taɓa taka filin nan gaban mutane ba. Yana jin yare kamar ni da kai. In ya sa jesi ɗan waye?"

Ya juyo ya gan ni tsaye. Bai tambaye ni ko ina so ba, ya san amsar. Ya tara sauran ya ce daga yau babu mai cewa Malam, a kira ni da lamba. Wasu suka sunkuyar da kai. Mai tsaron gidan ƙungiyarmu, wanda aka kashe masa wa a Arewa, ya tofar da yawu gefe ya ci gaba da ɗaure safar hannu. Bai ce a'a ba.

A harabar masallaci na gaya wa Baba. Yana zaune kan akwatin ƙarfe yana jan carbi, mata da yara sun cika ko'ina da tukwane da ƙullin tabarmi.

"Wasan yaushe?"

"Asabar da la'asar, Baba. Jirgi sai Lahadi."

"Na san ranar jirgi." Ya ja carbin ya kai ƙarshe. "Kai kaɗai ne namiji a ɗakin uwarka. Ka san haka?"

"Na sani, Baba. Ba wanda ya san ni a can. Zan shiga motar kamfani in dawo a motar kamfani."

"Ban yarda ba," ya ce, bai ɗaga murya ba.

Na koma gefe na zauna. Abin da nake gani shi ne idan na hau jirgin nan ban buga ba, zan zama mutumin da ya yi damina guda yana kallon wasu, shi ke nan labarina. Ranar Asabar bayan azahar, da maza suka shiga sahu suna tattauna yadda za a raba taragu, na bar hulata a kan kayanmu na bi ta ƙofar baya inda ake alwala. Wani yaron mahauta ya gan ni. Na ɗora yatsa a baki, ya gyaɗa kai.

Filin ya cika fiye da yadda na saba gani, amma ba irin cikar da na sani ba. Babu waƙa, babu masu busa ƙaho. Mutane sun zo ne kamar don gida ya yi musu zafi. Da yawa baƙin fuska ne, waɗanda jirgi ya sauke, ana gane su da kayan da ba nasu ba. Da muka sauka daga mota na ga mai lemo a wurinta. Ta dubi jesin da ke jikina, ta dubi fuskata, rezar ta tsaya a hannunta. Sannan ta mayar da ido kan lemonta. Na wuce ina jin bayan wuyana kamar an ɗora masa garwashi.

Jesin Sha-ɗaya ya yi mini yawa a kafaɗa. Alƙalin wasa ya busa usur, ƙwallon farko da aka turo mini ta buge ni a ƙauri ta fita waje. Wani ya yi tsaki daga cikin mutane. Ta biyu ɗan bayansu ya ɗauke ni da ita gaba ɗaya, na ci ƙasa, ya tsaya a kaina yana tambaya da yare daga wane ƙauye aka samo ni. Na tashi na koma wurina. Nan na fahimci abin da Koci yake tsoro: babu ƙofar fita, kuma lokaci ko tafiya bai fara ba. Na dubi benci. Yana zaune ya harɗe hannu, ko kallona ba ya yi.

Ban san yadda aka yi abin ya sake ni ba. Wata ƙwallo ta zo sama-sama ta gefen layi, jikina ya riga tunanina. Na taɓa ta ta wuce ɗan bayan ta dama, na bi ta hagu, na tarar da ita. Gabana fili ne fetal. Na ruga har kusa da tutar kusurwa, na ɗago ta da hagu, ɗan gabanmu ya sa kai, raga ta motsa. Filin ya yi wata irin ƙara kamar an buɗe tukunya. 'Yan wasanmu suka rufe ni, wani yana dukan ƙeyata yana kiran lamba. Na ji daɗin da ban taɓa karanta irinsa a littafi ba.

A cikin wannan ƙarar na ji kalangu.

Gajeren kiɗa ne mai tsalle a ƙarshe. Ya fito daga kusurwar da kwano ya ɓalle, inda yara ke leƙe. Tsohon yana tsaye a can da babbar rigarsa da hularsa, ya matse kalangun a hammata, ya rufe ido, yana kaɗa takena da duk ƙarfinsa. Yaron mahautan ya gaya masa, shi kuma ya yi alkawari gaban mutane.

Ƙarar filin ta mutu daga wannan kusurwa ta bi layi har ta zagaye. Rabin mutanen da ke wurin sun san wannan sauti, sun bar shi a garuruwan da suka gudo. Aka fara miƙewa. Wani ya tambaya da ƙarfi wa ake yi wa kiɗa. Na ga kawuna suna juyawa daga tsohon zuwa fili, suna bin mu ɗaya-ɗaya. Tsohon bai ji komai ba. Ya buɗe ido ya hango ni, ya ɗaga sandan kiɗan ya nuna ni da shi yana murmushi, ya sake kaɗawa.

Mai tsaron gidanmu ne ya fara isowa gare ni. Ya taho da gudu daga raga kamar mai murna, ya rungume ni, ya sa ƙafa ya kwashe ni. Na faɗi da baya. Ya durƙusa ya danne mini ƙirji.

"Kwanta. Ka karye. Kada ka buɗe baki."

Koci ya shigo da tawul ya rufe mini fuska. Na ji alƙalin wasa yana cewa in aka fitar da shi ku goma za ku ƙarasa, Koci ya ce ya iya lissafi. Suka ɗauke ni su biyu, hannu da ƙafa. Ta gefen tawul ɗin nake ganin kusurwar. Mutane sun kusa kai wa tsohon, wani ya riga ya tsinci dutse.

Sai ga Sha-ɗaya ya ratso su. Ban san yana filin ba. Rigarsa ta yi datti, idonsa ja. Ya ture na gaba, ya fizge kalangun daga hammatar tsohon ya buga da ƙasa, ya taka shi har fatar ta fashe. Ya ɗaga hannu ya wanke tsohon da mari, hular ta yi gefe. Ya shaƙe wuyan rigarsa yana ihu da yare cewa wannan nasa ne, uwarsa aka ɓatar, babu wanda zai taɓa shi sai shi, barikin soja zai kai shi da hannunsa. Mutane suka dare. Ya ja tsohon a ƙasa har bakin ƙofa, wasu na kai masa duka ta baya, ya jefa shi cikin motar kamfani inda aka riga aka shimfiɗe ni. Ya hau ya buga wa direba jikin mota.

Muka yi nisa da filin. Tsohon yana zaune jini na zuba daga leɓensa, yana duban hannayensa.

"Me na yi?" ya ce. "Ɗana, me na yi maka?"

Sha-ɗaya bai dube shi ba. Na ce, "Yaya, an samu labarin su Mama?" Ya girgiza kai. Har yau ban san nawa ne na dabara a cikin marin nan ba, nawa ne na gaske. Ina jin shi ma bai sani ba.

Motar ta tsaya nesa kaɗan da masallaci. Ya ce in cire jesin, na cire na miƙa masa. Ya riƙe shi a dunƙule.

"Na ga ƙwallon da ka ɗago," ya ce. "Ka yi saurin ɗaga kai. Ku sauka."

Baba yana tsaye a bakin ƙofa. Ya dubi tsohon, ya dube ni ba riga, da laka har cinya. Ya matsa ya ba mu hanya. Bai yi mini magana ba sai da jirgi ya haye babbar gadar Makurɗi washegari, nan ma cewa ya yi in miƙo masa buta. A jirgin ne wani ya ce an ci ƙungiyarmu. Ban kai ko hutun rabin lokaci ba, kuma wannan ne wasan gasa na farko da na ƙarshe da na buga. A Kano albasa ta karɓe ni, yaƙi ya tashi, ƙwallo ta zama abin yara. Tsohon makaɗin ya koma garinsu, bai ga ƙarshen yaƙin ba.

Bayan an daina harbi da wasu shekaru na bi motar albasa na koma Enugu. Gidanmu wasu ne a ciki. Kamfanin yana nan da sabon fenti, a sito aka gaya mini Koci ya rasu a gudun hijira, mai tsaron gida ya tafi fagen daga bai dawo ba, haka mafi yawan waɗanda na sani. Aka ce Sha-ɗaya ne ke riƙe da ƙungiyar.

Na same shi a fili da sanda, ƙafarsa ta hagu an yanke ta daga gwiwa. Yaran da yake horarwa ƙanana ne, sirara, wasu ko gemu ba su fara ba. Ya gane ni tun daga ƙofa. Na gaishe shi da Hausa ya amsa da yare, muka ci gaba a haka. Ya tambayi Baba, ya tambayi tsohon, na gaya masa. Na tambaye shi wanne ne sabo a cikin yaran, ya ce dukkansu, babu tsohon da za a jira ya gaji, wanda ya zo Litinin yana bugawa Asabar. Ya ce ƙanwarsa ta dawo daga Zariya a ƙafa ta wata hanya, mahaifiyarsa kuwa ba a taɓa jin inda ta tsaya ba.

Ya riƙe ƙungiyar har kamfanin ya rufe. Daga nan ya buɗe rumfar gyaran keke a bakin titin Ogui, direbobin albasa sukan kawo mini labarinsa. Sun ce idan motarsu ta tsaya a kusa yakan aiko musu da ruwan sanyi, amma ba ya zuwa gaisawa. A rumfar ciwo ya kama shi wata damina, ƙanwar ta zo ta tafi da shi ƙauyensu, can ya rasu.